Yadda Ɗalibai Suka Jefa Motata Cikin Zaɓen Wata Ƙasa

Samarin da ke zaman benci wurin mai shayi a tashar Jega sun ishe ni da magana ɗaya, wai tuƙi ba sana'a ba ce, abin da mutum ke riƙewa ne kafin aiki ya fito. Ɗan ƙanena ma ya dube ni ido cikin ido ya ce cikin 'yan kwanaki ya iya mota, kuma wayarsa ta san hanyoyin da ni ban taɓa bi ba. Na ce masa madalla. Juya sitiyari ai ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ka san wanda ka ɗauko a bayanka, ka kuma san abin da mutanen garin da za ka shiga za su ce ka kawo musu. Don haka bari in ba su labarin yadda na kai ɗalibai ƙasar Benin koyon siyasa, suka dawo da iliminsu, ni kuma na dawo da abin da na dawo da shi.

A hannun Ɗan'ige na Maiyama na koyi mota, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina wanke taya da ɗaure kaya kafin ya bari na taɓa makulli. Lodin farko da ya bar mini ni kaɗai albasa ce a Aliero. Na jera buhuna, na ja tamfol na ɗaure tam, na koma gefe ina jiran yabo. Ya zo ya cusa hannu ƙarƙashin tamfol ɗin, ya ji ɗumi, ya ce in sauke komai. Albasa numfashi take yi, in ka toshe ta sai ta yi gumi, kafin ka tsallake kogin Kwara rabin kayan ya zama ruwa, kuma mai kaya ba zai ce rana ce ba, kai zai ce. Na sauke da rana tsaka na sake jerawa, shi yana inuwa yana cin goro. Akwatin ƙarfensa yanzu yana wurina, da jak da sifanu da filaya da fanbel na ajiya da robar tsohon tib ɗin taya, wadda ta fi duk sauran amfani, don babu abin da ba ta ɗaurewa.

Shi ne kuma ya koya mini cewa direban nesa ba shi da gari sai da mai masauki. Duk garin da kake kai kaya akwai mutumin da kake sauka gidansa. Shi ke karɓar kayan, shi ke nemo mai saye, in ka yi rigima shi ke tsaya maka, in ka yi abin kunya sunansa ne ya ɓaci. A garin da muke kai albasa a arewacin Benin, wanda ba zan faɗi sunansa ba don har yau ina bin hanyar, mai masaukinmu Alhaji Sidi ne. Kakansa daga wajenmu ya tafi, don haka Hausarsa irin tamu ce, ga kuma Dandanci, yaren mutanen garin, a bakinsa kamar ruwa. Dillalin albasa ne wanda in ya ce buhu mai kyau ne ba a kwancewa a duba. Ɗan'ige ya damƙa ni a hannunsa tun ban fara aske gemu ba, kuma da na sayi tawa bas ɗin, wadda nake cire wa kujeru in kaya sun samu in mayar in fasinja ne, gidan Alhajin na fara kai ta ya sa mata albarka.

Na ɗauki fasinja iri-iri. Na ɗauki 'yan biki da suka mance da amarya a Maiyama sai da muka kusa Koko. Na ɗauki Bafillacen da ya ce shi da ragonsa kujera ɗaya za su zauna. Duk waɗannan ana iyawa da su. Amma ɗalibai, Allah ya raba ku da su. Ba sa zuwa kan lokaci, kowa da jaka kamar zai yi hijira, kuma kowane gari aka shiga sai an tsaya an ɗauki hoto.

Duk direban hanyar boda in ka tambaye shi mugunyar shekararsa zai ce shekarar da aka rufe iyaka. Ni tawa ta riga wannan zuwa. Farkon damina ne wani malami mai suna Malam Bashar, daga wata makarantar gaba da sakandare a yankinmu, ya same ni a tasha. Ya ce ɗalibansa suna karatun yadda ake mulkin ƙananan hukumomi, yana so ya kai su ƙetare su ga yadda maƙwabta ke yi. Ya rubuta wa ofishin magajin garin can, an amsa masa. Ya zaɓi lokacin ne da gangan, don ana gab da zaɓen kansiloli, yara za su ga abu da idonsu. Ni abin da ya dame ni hanya ce da ruwan sama, sai kuma albasar ajiya da ke fara tsada a lokacin, kada lodinta ya wuce ni. Amma kwana biyu ne kawai, in ji shi, kuma an ce masa babu wanda ya san garin kamar ni. Yabo ya ci ni, na yarda.

Ranar tafiya suka fito kowa da riga da hula iri ɗaya, ruwan ɗorawa, da hoton wani mai neman kujera a yankinmu a ƙirji. Shi ya buga musu, gudummawarsa ke nan. Ku kun sani, a wurinmu ko gasar ƙwallon unguwa za a yi sai wani ya buga riga da fuskarsa, ba wanda ke ɗaga kai ya duba. Ni ma an miƙo mini hula na kifa a kai, don rana. Shugaban ɗaliban, wani dogon yaro mai suna Nafi'u, ya zauna gaba kusa da ni da 'yar lasifikarsa ta hannu, wai don ya riƙa tara su. Tun daga Jega har muka tsallake Kwara bakinsa bai rufu ba. Ya gyara Najeriya sau uku kafin mu kai boda.

A boda ba mu sha wahala ba, takardun mota cikakku ne, na yara ma haka. Muka isa garin ranar kasuwa, ko'ina hotunan 'yan takara, baburan kabu-kabu na yawo da tutoci. Ofishin magajin gari yana kallon kasuwa ne. Na ajiye mota a gabansa, yara suka shiga zauren taro da malaminsu, ni na tsaya duba taya ɗaya da nake zargi. Na aika a gaya wa Alhaji Sidi na iso, zan zo bayan la'asar.

Abin da aka koya musu a ciki daga baya na ji. Da tafinta aka yi musu bayani cewa a can jama'a kansiloli suke zaɓa, su kuma kansiloli su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. Yara suka yi ta mamaki. Wata ɗaliba ta tambaya ko gwamna ne ke turo sunan wanda za a zaɓa, aka yi dariya. Abin da ya fi burge su shi ne wata mai sayar da kifi da ta shigo ana cikin bayani ta balbale magajin garin da faɗa kan kwatar da ta toshe a bakin rumfarta, shi kuma yana ta ba ta haƙuri. Nafi'u ya ce a wurinmu da ko ƙofar ciyaman ba za ta kai ba. Ni da na ji na ce ai zaɓe ya matso, a irin wannan lokaci kowane ɗan siyasa ɗan'uwanka ne. Aka ba su shinkafa da lemo, suka ci suka ƙoshi.

To, a nan aka yi ta. Magajin gari ya rako su har bakin mota. A wurinmu in babban mutum ya karɓe ka, ya ciyar da kai, ya rako ka, ba ka tafiya baki shiru, rashin tarbiyya ne. Yara sun shiga sun zauna, na tada mota, sai Nafi'u ya zuro kai ta taga da lasifikarsa ya ɗaga murya, sai mai girma, tazarce. Sauran suka amsa gaba ɗaya, suna dukan bodi, 'yan mata na guɗa. Kafin in ce uffan ya miƙo hannu ya danne mini hon. Shi kuwa magajin gari, ɗan siyasa ne, an yi masa kirari a gaban kasuwa, me zai yi? Ya washe baki ya ɗaga hannu biyu.

Ku tsaya ku dubi abin da mutanen kasuwa suka gani. Mota mai lambar Najeriya, cike da samari masu kaya iri ɗaya, ta fito daga ofishin magajin gari ana saura 'yan kwanaki zaɓe, suna kiran tazarce da Hausar da rabin kasuwar ke ji. Garin kan iyaka ne, kuma duk zaɓe kowane ɓangare na zargin ɗaya da shigo da 'yan ƙetare su dangwala masa ƙuri'a. Ban yi nisan jifa ba kabu-kabu suka tare gabana. Kafin in sa ribas an tare baya. Aka fara jijjiga motar. Na ga wani yaro ya ɗauko kwalbar fetur daga teburin masu sayarwa a bakin titi. Nafi'u ya cusa lasifikar ƙarƙashin kujera ya yi tsit, karo na farko tun Jega.

Alhaji Sidi ne ya ratso taron. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, shi babba ne a ɓangaren da ke adawa da magajin gari, kuma waɗanda suka kewaye mu yaransu ne. Ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan motar, ya yi magana da Dandanci, sannan ya maimaita da Hausa don in ji.

"Ku saurara da kyau. Wanga mutum gidana ya ka sabka tun ba shi da gemu. Albasa ya ka ɗauka, bai san jam'iyyar kowa ba. Ran da kunka ga motag ga cikin hidimar magajin gari, ku ce Sidi maƙaryaci na, kada ku sake cin kasuwa da ni."

Wasu suka yi gunaguni, amma mai kwalbar ya mayar da ita. Maganar Alhaji ba abin wasa ba ce a kasuwar nan. Ita ta riƙe su har jandarmomi, jami'an tsaron can, suka iso suka tasa mu gaba zuwa barikinsu.

A can aka duba katin makarantar yara, aka kira ofishin magajin gari, aka tabbatar ɗalibai ne. Aka ce su tafi. Amma mota za ta zauna har a gama zaɓe, wai don lafiyarta da kuma bincike. Na yi magiya, na nuna takardu, na rantse, babban nasu ya jefa makullina cikin aljihun tebur ya ci gaba da aikinsa. Aka samo wa yara ƙananan motoci zuwa boda. Tsoro ya sake su, har sun fara ɗaukar hoto a gaban barikin. Malam Bashar ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri, kuma na san har zuciyarsa ne, amma idonsa na ƙyalli.

"Baba Ummaru, wallahi abin da yaran ga sunka gani yau ba shi cikin littahi."

"Motata ma ba ta cikin littahi, Malam," na ce. "Tana bayan shingen bariki."

Ya yi iya ƙoƙarinsa daga baya, ya yi ta bugo waya da aiko takardu, amma takardar makarantar wata ƙasa ba ta buɗe ƙofar bariki.

Ku da kuke cewa mota ƙarfe ce, ku je ku ajiye ta ƙarƙashin ruwan damina ba a tada ta. Mota in ba ta motsi lalacewa take. Batir ya mutu, birki ya kama, ɓera ya shiga ya ci wayoyi. Kullum da safe sai in je in tsaya bakin shinge ina kallonta, ciyawa na fitowa tsakanin tayoyi, kajin jandarmomi sun mayar da ƙarƙashinta gida. Na roƙa a bar ni ko tada ta in yi, aka ce shaida ce, ba a taɓawa. A Aliero da Kashin Zama masu albasar da suka saba jirana suka ba wasu lodi, kuma ban ga laifinsu ba. A gida maiɗakina ta sayar da awakinta. Ni kuwa ina gidan Alhaji Sidi ina cin tuwonsa safe da yamma, bai taɓa nuna mini na daɗe ba.

Aka yi zaɓe, na wanke kayana na tafi karɓar makulli. Aka ce in koma, ai kansiloli kawai aka zaɓa, sai sun zauna sun fitar da magajin gari hankali zai kwanta. Darasin da aka yi wa yara a zaure ina waje ina duba taya, sai ga shi na koye shi a tsaye bakin shinge. Kuma ɓangarorin biyu sun kusa yin kunnen doki, don haka aka shiga sayen baki da ɓoye kansila. Aka sa ranar zama aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. Na san sunan kowane kansila a garin, na san wanda ke tangaɗi da wanda surukinsa ke riƙe da shi, ni da ko ƙuri'a ba ni da ita a ƙasar. A ƙarshe magajin garin ya koma kujerarsa da ƙyar.

Washegari ƙanensa ya aiko a kira ni. Na same shi yana kaɗa makullina a yatsa. Ya ce yayansa bai mance da baƙinsa ba, ya yi magana, an saki mota. Sai dai gobe za a zaga gari murna, motoci sun yi kaɗan, tawa kuwa babba ce kuma kowa ya san ta. In na kwashi magoya baya na zaga da su, da yamma in kama hanyar gida. In kuwa ba ni da hali, ba komai, bincike bai ƙare ba, kuma shi bai san ranar ƙarewarsa ba. Na ce a ba ni wani aikin, in kwashe sharar kasuwa, in ɗebo yashi, duk abin da suka ga dama. Ya yi murmushi ya mayar da makullin aljihu. Ba mota suke nema ba, na gane, wannan motar suke so a gani.

Na sami Alhaji a rumfarsa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin tsibi. Ban san ta inda zan fara ba. Shi ya riga ni, bai ko ɗago ba.

"Na ji. Tun jiya anka hwaɗa min."

"To mi zan yi, Alhaji?"

Ya juya wata albasa a hannu, ya jefa ta gefe. "Ɗiyanka ba rantsuwata za su ci ba, Ummaru. Tahi ka amshi motarka."

Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Da safe suka kawo sabon batir. Na shiga ina roƙon Allah kada ta tashi. Motar da ta sha ba ni kunya a tsakiyar daji ba dalili, ranar bugu biyu ta ɗauka. Aka lulluɓe ta da hotuna, samari suka cika ciki har saman bodi, da ganguna. Ƙanen magajin gari ya zauna gaba yana nuna mini hanya. Muka zaga kasuwa, muka zaga tasha, sannan ya ce in karya dama. Na ce titin can ya yi ƙunci, akwai taɓo. Ya ce in karya. Layin gidan Alhaji Sidi ne.

Yana zaune ƙofar gida kan tabarma, manyan ɓangarensu na kewaye da shi, sun zo jajen faɗuwa. Ƙanen magajin gari ya ce in tsaya, ya miƙo hannu ya danna hon da kansa, ya daɗe bai ɗaga ba. Ba wanda ya tashi a cikinsu. Sai wani dattijo ya juya ya dubi Alhaji, ya yi magana da ƙarfi yadda zan ji duk da ganguna.

"Alhaji, ga albasarka ta iso."

Alhaji ya tashi, ya jira na kusa da shi suka ɗaga, ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida.

Na iso Jega da motata. Na canza wayoyi, na gyara birki, na koma lodi. Bayan wani lokaci Nafi'u ya bugo mini waya cike da murna, wai rahoton da suka rubuta kan tafiyar shi ya fi na kowa, har an karanta a gaban taro, kuma sun sa sunana a wurin godiya. Na ce Allah ya ƙara ilimi, na kashe wayar, don abin da ya zo bakina bai dace da mai furfura ba. Shi a ganinsa ya yi abin kirki ne ranar, ya gode wa wanda ya ba shi shinkafa, kuma har gobe ban jin ya san abin da kirarinsa ya ci.

A can kuwa 'yan ɓangaren Alhaji suka yi abin da ya ce su yi. Suka janye daga rumfarsa, waɗanda ke saye ba dubawa suka koma kwance buhu a gabansa suna zazzagewa ƙasa. Rumfar da mota uku ke saukewa a rana ta koma sai a yi mako ba a ga ɗaya ba. Na kai masa lodina na farko bayan abin, ya ce in kai wa wani, ba ya so kayan mutanen Aliero su ruɓe a hannunsa saboda shi.

Har yau in na shiga garin sai na je gaishe shi. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma yana gane muryata. Yana amsa gaisuwa har ƙarshe, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi mota. In muka gama sai ya ce Allah ya kiyaye hanya, ni kuma in koma tasha in shimfiɗa kwali a gefen taya. Bai sake cewa in shigo ba.